Famfon zafin ƙasa: wane shimfiɗin bututu ya dace da filinka?

Tashoshin lantarki irin na Olkaria a Kenya, ko ruwan zafin da ke dumama kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen Aisland, sun dogara ne da wuraren da duwatsu masu aman wuta suka kawo zafi kusa da doron ƙasa. Mai gida ba shi da ta cewa a wannan. Abin da zai iya saye shi ne famfon zafi, na'urar da ke aiki kamar firji: tana janyo zafi daga ƙasa zuwa ɗaki lokacin sanyi, ta mayar da shi ƙasa lokacin zafi. Daga zurfin mita 10 zuwa ƙasa, yanayin ba ya canzawa sosai duk shekara, shi ya sa kilowat ɗaya na lantarki kan ba da kilowat 3 zuwa 4 na zafi.

Na'urar ba ta cika bambanta ba. Inda ake tafka kuskure shi ne bututun da ake binnewa, wanda ruwa ke zagayawa cikinsa yana kai zafi tsakanin ƙasa da na'urar.

Mafi araha shi ne a shimfiɗa shi kwance, a zurfin mita 1.2 zuwa 2. Sai dai yana cin fili ninki biyu zuwa uku na faɗin ginin, kuma ba a daɓe wurin da siminti ko a dasa manyan bishiyoyi, domin rana da ruwan sama ne ke mayar wa ƙasar zafinta. Yumɓu mai danshi ya fi busasshen yashi nesa ba kusa ba.

Wanda filinsa ƙarami ne sai burtsatse: rami mai zurfin mita 50 zuwa 150, a zura bututun roba mai kaurin milimita 32 ko 40, a lanƙwashe, ruwa na sauka ta ɗaya yana hawa ta ɗayan. A nan a riƙe lissafi. Gida mai bukatar kilowat 10 zai ciro kusan 7.5 daga ƙasa, sauran daga lantarki. In kowace mita tana ba da wat 50, mita 150 ta isa. In busasshen yashi ne mai ba da wat 25, sai 300. Ɗan kwangilar da ya yanka farashi bai tambayi irin ƙasar ba, a yi hattara da shi. Gajeren bututu yana sanyaya ƙasa shekara bayan shekara har kewayensa ya daskare, kuɗin wuta ya hau, kuma gyaran sai sabon haƙa. A ƙasashe masu zafi abin juyawa yake yi: ana ta zuba zafi ba a cirewa, ƙasar ta ɗumame, sanyayawar ta yi rauni. A bar tazarar mita 6 tsakanin ramuka, a cike su tun daga gindi da kwaɓin bentonait, wani irin yumɓu mai toshe kafa. A Staufen ta Jamus, haƙan da aka yi a 2007 ya bar ruwa ya kai ga wani dutse mai kumbura, ƙasa ta ɗago, gine-gine fiye da 200 suka tsattsage.

Mai tafki mai zurfin mita 2.5 zuwa sama ya huta da haƙa, nutsar da bututun kawai zai yi. Akwai kuma masu ɗebo ruwan rijiya kai tsaye su mayar ta wata rijiyar. Aikin wannan tsarin na da kyau, amma in ruwan na da sinadarin ƙarfe ko alli, toshewa ba ta da wuya. A gwada ruwan, a nemi izinin hukuma.

Batun sauyin yanayi kuwa, ribar tana bin inda lantarkin ya fito. In na kwal ne, ta ragu sosai. A kuma duba iskar sanyin da ke cikin na'urar, domin in ta tsere sararin sama tana ɗumama duniya: R410A ta fi iskar kabon riƙe zafi sau 2,000 da ɗoriya, R290 kuwa kusan sau 3 kacal. Na'urar kan yi shekara 20 zuwa 25, bututun ya haura 50, don haka a nemi taswirar inda aka binne shi da takardar gwajin matsin ruwa kafin a biya cikon kuɗi.