Tonka ko banila: wanne ya dace da humra, wanne ya dace da kek?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙwayar tonka da ake tallatawa a shagunan kayan ƙamshi za ta iya maye gurbin banila a humra da kuma kek ɗin da kike yi na sayarwa. A humra za ta iya, a ganina ma ta fi. A kek kuwa sai da taka-tsantsan.

Tonka ƙwallon 'ya'yan wata doguwar bishiya ce ta dazuzzukan Benezuwela da Birazil. Baƙa ce mai yamutsattsiyar fata, kuma idan kika duba mai kyau za ki ga wani farin gari a jikinta kamar an barbaɗa gishiri. Wannan garin shi ne kumarin, sinadarin da ke ba ta ƙamshinta mai ɗumi, wanda ya haɗa zaƙi da ɗan ɗaci da ƙamshin busasshiyar ciyawa. Banila kuwa asalinta Meziko, ko da yake yau Madagaska ce kan gaba wajen nomanta, kuma tsadarta ta samo asali ne daga wahalar aikinta, domin da hannu ake yi wa furanninta barbara ɗaya bayan ɗaya, sannan a shafe watanni ana busar da ita. Ƙamshinta zaƙi ne zalla.

A sana'ar turare tonka tana da daɗaɗɗen matsayi. A 1868 William Perkin na Ingila ya haɗa kumarin a ɗakin gwaji, a 1882 kuma kamfanin Houbigant na Faransa ya gina turaren Fougère Royale a kansa. Abin da ya sa masu haɗa turare ke son sa shi ne yana daɗewa a jikin tufa, yana kuma riƙe sauran ƙamshin da aka haɗa shi da su, don haka yana tafiya da sandal da miski ba tare da ya mayar da humra mai ƙamshin alewa ba, abin da banila kan yi idan hannu ya zarce.

A abinci ne lissafin ya juya. Yawan kumarin na iya cutar da hanta, shi ya sa Amurka ta haramta sa shi a abinci tun 1954. Turai ba ta hana tonka ba, amma hukumar kula da lafiyar abinci ta can ta ƙayyade wa kumarin miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato miligiram 6 ga mai kilo 60, alhali ƙwaya guda na iya ƙunsar fiye da haka. Saboda haka masu girkin Faransa kankare ɗan kaɗan kawai suke yi a madara ko kirim. Tunda ba ki san wanda zai ci kek ɗinki ba, yaro ne ko mai ciwon hanta, banila ta fi miki.

Ki kuma sani cewa galibi a barasa ake jiƙa tonka kafin a shanya ta, domin farin garin ya fito, don haka ki tambayi mai sayarwa yadda aka sarrafa tasa kafin ki saya.