Kamfanin kwashe kaya ko motar tasha? Amsa ga Hajiyar da za ta tashi daga Kano zuwa Kubwa

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce an yi wa maigidanki canjin wurin aiki zuwa Abuja, har ya kama gida a Kubwa, ke kuma an bar miki ɗawainiyar kwaso kayan gida mai ɗaki uku daga Kano. Kin ga wani kamfani a Instagram yana tallar kwashe kaya, ƙanenki kuma ya ce a tafi tasha kawai a ɗauki motar kaya ƙirar kanta, shi zai bi motar. Kina tambayar wanne ya fi aminci. Sau uku aiki yana ɗaga ni da iyalina daga gari zuwa gari, na gwada kamfani na gwada tasha, don haka bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani.

Da farko ki san cewa masu wannan sana'a kashi uku ne. Akwai kamfani na gaske, mai ofis da motocinsa da ma'aikatansa. Akwai motar tasha da ake ɗauka ta hannun 'yan yuniyan, wato ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko ta hannun masu motoci na NARTO. Sai na uku, wanda shi ya fi cika waya: mutum ɗaya da shafi mai kyawawan hotuna, ko taya ɗaya ba shi da ita. Kina tura masa kuɗi zai kira ɗan kamasho a tasha, a turo miki kantar da da ƙanenki ya je da ƙafarsa zai samu da araha. Kin biya kuɗin kamfani, an yi miki aikin tasha, ranar da abu ya ɓace kuma kamfanin ya ce direba ba nasa ba ne, tasha ta ce ba ta san da zamanki ba. Wannan na ukun shi nake jiye miki tsoro.

Ta wajen kuɗi, tasha ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ki gane abin da direban tasha yake sayar miki: motarsa da mansa da tuƙinsa. 'Yan dako naki ne, a Kano da kuma a Kubwa. Kafintan da zai kwance gadaje da wadirob naki ne. Kwalaye da igiya da tsofaffin barguna na naɗe kaya duk naki ne. Sannan akwai abin da direbobi ke kira kuɗin hanya: jami'an kula da hanya irin su KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, VIO a Abuja, ga 'yan harajin ƙananan hukumomi da ke tare manyan motoci da katako mai ƙusa. In ba a yi magana a kansa tun a tasha ba, wayarki ba za ta huta ba ranar. Ki ce da direba ƙarara, a gaban shaida, kuɗin da aka yanke ya haɗa da hanya.

Kamfani shi kuma kuɗi ɗaya yake faɗa, ya ce komai na ciki. Abin dubawa shi ne yadda ya kai ga wannan kuɗin. Na gaske zai turo mutum ya zagaya gidan, ya ƙirga kujeru, ya buɗe sito, ya tambayi ko sabon gidan bene ne, ko mota na iya shiga layin. Wanda ya yanke miki kuɗi ta waya bai ga ko cokali ba, ki sa a ranki akwai wani cinikin yana jiran ki a gaba. Ni haka aka yi mini a tashina na biyu. Mun daidaita ta waya, aka kwashi kaya lafiya, da muka isa suka ga gidan hawa na biyu ne, suka ce sai an ƙara. Magariba ta gabato, katifun yara na cikin motarsu, ƙofar motar a kulle. Na biya, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci, don tambaya ɗaya da rubutu layi biyu da sun raba mu.

Wajen shirya kaya da lodi kuwa, kamfani na gaske ya yi wa tasha fintinkau, wannan ba abin musu ba ne. 'Yan dakon kasuwa mutane ne masu ƙarfi da haƙuri, amma hannunsu ya saba da buhun masara na Dawanau da kwalin taliya na Singa, abin da ake jefawa a cafe. Teburin gilashi da madubin ɗaki ba su jure wannan. Kayan ɗakin yanzu ma yawanci ba katakon gaske ba ne, garin katako ne da aka matse aka lulluɓe. In aka kwance shi da gaggawa ramin noti yana buɗewa, a ɗaura ya ƙi zama daidai, in ruwa ya taɓa shi kuma ya kumbura, shi ke nan. Shi ya sa nau'in mota yake da muhimmanci. Kamfanoni sun fi amfani da mota rufaffiya, kantar tasha kuwa sau da yawa buɗaɗɗiya ce, sai a ja tampol. Da rani ƙura ce kawai za ki share. Da damina, tampol mai huji ɗaya ya isa ya lalata miki saitin gado. A tashar ma ana samun rufaffiyar in an nema, sai dai a ɗan ƙara kuɗi, kuma ƙarin ya cancanta.

Ko wa kika ɗauka, firji a tsaye ake ɗora shi, in an sauke a bar shi ya huta wasu awanni kafin a jona. Janareta a juye mansa tas. Tukunyar gas a tsaye, a rufe, nesa da zafin inji. Gwal da takardun makaranta da na fili da fasfo ba sa shiga motar kaya ko ta waye, jakarki za su bi.

Sai hanya. Tafiyar ta haura kilomita 400: Kwanar Dangora, Zariya, Jaji, Mararrabar Jos, Kaduna, Kateri, Tafa, Zuba, sannan Kubwa. Tun ƙarshen 2017 aka ba da aikin sake gina ta, kuma ɓangaren Kaduna zuwa Abuja ne ya daɗe yana wahalar da masu mota, ga shi kowa ya san labarin tsaron yankin Rijana da Kateri a shekarun baya. Motar kaya ba ta gudu kamar ƙaramar mota, don haka a yi lodi da yamma, motar ta kwana a ƙofar gidanki ba a tasha ba, a tashi bayan sallar asuba. Ki kuma sa maigida ya tambayi masu gadin unguwar, domin rukunin gidaje da yawa a Abuja ba sa barin motar kaya ta shiga in dare ya yi.

Babbar cutar motar tasha a hanya ita ce ƙarin lodi. Direba ya ga akwai sarari a sama, wani ya tare shi da buhuna goma, ga kuɗi a hannu. A tashina na farko ban sa kowa a motar ba. Kaya suka iso a makare, katifu na warin albasa, madubin uwargida ya tsage daga sama har ƙasa. Da na yi magana direba ya ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. Maganin wannan guda ɗaya ne, mutuminki a gaban mota daga ƙofa zuwa ƙofa. Kamfani ma yana da irin tasa: wasu suna haɗa kayan gida biyu ko uku a mota ɗaya, ko su sauke a ma'ajiyarsu su sake lodi a wata motar, kuma a wajen sauke-ɗora ne kwali yake yin ƙafa. Ki tambaye su kai tsaye, motar tawa ce ni kaɗai, kuma wadda ta ɗauka ita za ta sauke? Amsar ta shiga takarda.

Yanzu ga inda maganar aminci take, wato ranar da abu ya fashe ko ya ɓace, wa za ki riƙe.

A tasha, abin da kike riƙewa mutane ne. Ofishin yuniyan ya san direban, ya san mai motar, ya san wanda ya tsaya masa. Gobe dole ya dawo tashar ya bi layi in yana son lodi, kuma ciyaman na iya hana shi. Saboda haka a kan ɓatan kaya ko gudu da su, tasha tana da ƙarfi fiye da yadda mutane ke zato. A kan fashewa kuwa ba ta da ƙarfi. Za a zauna, a ba ki haƙuri, a ce direba ya kawo wani abu, a roƙe ki ki yafe sauran. Da wuya ki ga cikakken kuɗin teburinki. Kuma duk wannan kariyar tana aiki ne in ta ofis kika bi, aka rubuta lambar mota da sunan direba a littafinsu. In a bakin ƙofa ƙanenki ya daidaita da wani don a rage 'yan kuɗi, babu ita.

A kamfani, abin da kike riƙewa takarda ce. Yarjejeniya mai sa hannu, jerin kaya da lamba a jikin kowane kwali, da inshorar kaya a kan hanya. A nan ki buɗe ido. In an ce miki "muna da inshora", ki tambayi wace iri. Inshorar dole da kowace mota ke yawo da ita ta ɓarnar da mota ta yi wa wasu ce, ba ruwanta da kayan da ke cikinta. Ki ce a nuna miki ta kaya, ki ga sunan kamfanin inshorar, wanda ya kamata ya zama mai lasisin hukumar kula da inshora ta NAICOM, ki ga ko ta haɗa da fashewa ko hatsari da gobara da sata kawai. Ki juya bayan rasit ki karanta ƙananan rubutun, domin a nan wasu ke rubuta cewa duk abin da ya samu kaya a wuyan mai su yake. In takardunki sun cika aka ƙi biyanki, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da Kano ta buɗe a 2019. Dukkansu takarda za su fara tambayarki.

Tantance kamfani ba ya cin yini guda. Ki karɓi lambar rajistarsu, RC in kamfani ne, BN in sunan kasuwanci ne, ki duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko sunan ya fito. Rajista dai shaida ce cewa suna nan, ba shaidar halin kirki ba ce, amma wanda ko ita ba shi da ita ya sauƙaƙa miki aiki. Asusun da za ki tura kuɗi ya zama da sunan kamfanin, ba na wani mutum ba. Kada ki biya duka tun farko, a tasha ma haka: a ba da kafin alƙalami da zai isa mai, ciko sai an sauke an ƙirga kwalaye. Ki ɗauki hoton kowane babban kaya kafin a taɓa shi, da hoton lambar mota da lasisin direba.

In da ni ne a matsayinki, tunda ƙanenki ya yarda zai bi mota, tasha zan bi: ta ofishin yuniyan, mota rufaffiya, kafintan da kika sani ya kwance ya naɗe, ya sa wa kowane ɓangare alama, in da hali a biya masa kuɗin mota ya je ya ɗaura da hannunsa. Kuɗin da kika rage ya biya kafintan har da saura. In kuwa wani uzuri ya hana ƙanen naki tafiya, ko kayan gilashinki suna da yawa, kada ki tura kaya su kaɗai da direban da ba ki sani ba, ki nemi kamfani na gaske ki biya tsadar.

Shi kuma na Instagram ɗin, ki rubuta masa yau ki ce, ina ofishinku yake, gobe da safe ƙanena zai zo ya ga motar da za ta ɗauki kayan. In ya ba da adireshi ya ce bismillah, a je a gani. In ya fara cewa motocin duk suna hanya, ki fara tura rabi don a riƙe miki rana, ki bar shi nan. Allah ya kai ku lafiya, ya sa gidan ya karɓe ku.