Aidin ɗin povidone a kan raunin ɓeran Masar

Duk mai kiwon ɓeran Masar ya san maza biyu a keji ɗaya sukan iya yin faɗa, balle in akwai mace a kusa. Nawa ma haka suke, sai a wayi gari a tarar da kunne a tsage ko ɗan cizo a gadon baya. Povidone-iodine mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 nake sa musu, wanda ake samu a kusan kowane kemis, kuma a kan raunin sama-sama na gamsu da shi.

Ba shi ne tsohon aidin ɗin nan da ake ɗiga mana muna yara mu yi ta tsalle ba. Wancan da sifirit a cikinsa, shi ke kawo raɗaɗin. Wannan kuwa da ƙyar ɓeran ke ko motsawa. Nakan naɗe shi a tawul, in datse gashin gefen ciwon da almakashi, in wanke da ruwan gishiri (ƙaramin cokali ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce). Sai in surka aidin ɗin har ya koma kalar ruwan shayi marar kauri, in shafa da auduga safe da yamma. Ba a jimawa wurin ke bushewa ya yi ɓawo. Illarsa dai rini: farin ɓera sai ya yi jaja-jaja, rigarka ma ba za ta tsira ba.

Amma iyakarsa fata. Cizon da ya shiga ciki yakan rufe ta sama ya zama ƙurji, kuma mugunyar ɓeran Masar kauri gare ta, ba ta tsiyayewa da kanta. Ka ji kumburi mai tauri, ko ka ga ya ƙi cin ciyawa, to aikin likitan dabbobi ne.

Ɗabi'ar nan tamu ta ɓare kafso a barbaɗa wa ciwo, don Allah a daina ta a kan wannan dabbar. Ampicillin da amoxicillin, da duk dangin penicillin, suna kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da hanjinsa ke dogara da su, kuma lashe ciwon zai yi. Gudawa ce ke biyo baya, sau da yawa har da mutuwa.

Ina kuma ƙara musu tattasai da ɗanyen ganye, tunda jikinsu ba ya haɗa bitamin C, rashinsa kuwa na jinkirta warkewa. Mai ciwon nakan ware shi a kan tsohon zani mai tsabta, saboda dusar katako na manne wa rauni.