Zaɓen makarantar kwana ta maza: abin da uba zai duba kafin ya biya kuɗi

Yawancin iyaye idan suka tashi nema wa ɗansu makarantar kwana, tambayarsu ta farko ita ce yawan ɗaliban da suka ci jarrabawar WAEC da NECO a bara, ta biyu kuma nawa ne kuɗin zango. Tambayoyin suna kan hanya, amma lokacin da yaro yake yi a aji bai kai rabin yininsa ba. Sauran lokacin, daga tashi makaranta har wayewar gari, yana hannun malamin da yake kula da gidan kwanansu da firifet da manyan ɗalibai, kuma a nan ne halinsa yake gyaruwa ko ya lalace. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa a kwatanta makarantu da shi shi ne sanin wanda yake tsaye a kan yaran a waɗannan sa'o'i, da kuma abin da ake sa su yi.

Tsofaffin kwalejojin gwamnatin jiha su ne suka fi suna a Arewa, kuma sun cancanci sunan. Kwalejin Barewa ta fara ne a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan ta zauna a Zariya a 1949, kuma daga cikinta aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kwalejin Rumfa a Kano da Kwalejin Gwamnati ta Keffi su ma suna da irin wannan tarihi. Tsarin da aka gina su a kai shi ne a raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da malaminsa da shugabansa daga cikin ɗalibai, gidajen kuma su riƙa gasa da juna a wasanni da tsafta. Wasa a wancan zamani ba abin ganin dama ba ne, domin Sardauna kansa ya riƙe wasan fayif, wato buga ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, da ya koya a Katsina har ƙarshen rayuwarsa. Wannan tsari yana koya wa yaro ya yi biyayya tun yana ƙarami, ya kuma iya shugabanci idan ya girma, kuma kuɗin da ake biya kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na makarantun kuɗi. Sai dai suna ba ya ciyar da yaro. Makarantun jiha da yawa a yau suna fama da cunkoso a ɗakunan kwana, da ƙarancin ruwa, da abincin da ba ya isa sai an haɗa da garin kwaki da ƙuliƙulin da aka zo da su daga gida. Wanda zai kai ɗansa saboda kakansa ya yi karatu a can, ya je ya ga halin da makarantar take ciki a bana.

A cikin makarantun jiha akwai rukunin da ya kamata a ware, wato makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da jihar Kano ta buɗe a 1977. Ana shigarsu ne bayan kammala ƙaramar sakandare ta hanyar jarrabawa ta musamman, saboda haka yaro yana zuwa da ɗan hankalinsa, ya kuma tarar da abokan da suka ɗauki karatu da gaske. Ga uban da yake ganin ɗan shekara 11 ya yi ƙanƙanta da barin gida, wannan hanya ce mai kyau: yaro ya yi shekara 3 yana jeka-ka-dawo, sannan ya shiga kwana.

Kwalejojin gwamnatin tarayya ana shigarsu ta jarrabawar share fage da hukumar NECO take shiryawa, kuma babbar ribarsu ita ce yaro zai kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, ya koyi zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba kuma addininsu ɗaya ba. Amma mai neman makarantar maza zalla ya sani cewa yawancinsu, kamar na Kano da Kaduna da Sakkwato, maza da mata ne a haɗe. Ta maza zalla da aka fi sani a cikinsu ita ce King's College ta Legas, wadda aka kafa a 1909, kuma nisanta abin lissafi ne ga mai zuwa ziyara daga Arewa.

Makarantun soja, irin Makarantar Soja ta Zariya da aka kafa a 1954 da ta sojan sama da ke Jos, babu wanda ya kai su tsari da motsa jiki. Yaro yana tashi da asuba ya yi gudu da fareti, yana sa kaki, kuma kowace sa'a ta yininsa an san abin da zai yi da ita. Kuskuren da wasu iyaye suke yi shi ne su ɗauke su a matsayin gidan gyaran kangararru. Yaron da yake sha'awar aikin soja, yake kuma da lafiyar jurewa, zai ji daɗinsu ya fito da ƙwazo, amma wanda aka tura dole domin a hukunta shi yakan dawo da taurin zuciya fiye da wanda ya tafi da shi.

Makarantun kuɗi kuwa ba a yi musu hukunci ɗaya, domin akwai na ƙwarai akwai kuma waɗanda kasuwanci kawai suka sa a gaba. Na ƙwaran suna da ƙarancin yara a ɗaki, da malami mai kwana kusa da su, da abinci mai kyau, wasu kuma suna haɗa boko da haddar Alƙur'ani, abin da iyaye da yawa suke nema. Inda suka fi rauni shi ne fili. Da yawa an buɗe su ne a cikin gari a kan 'yan fuloti kaɗan, an yi bene mai kyau da fanka da janareta, amma babu inda yaro zai yi gudun mita 100. Namiji mai shekara 14 da aka tsare tsakanin aji da masallaci da ɗakin kwana, ba tare da inda zai zubar da ƙarfinsa ba, zai nemi inda zai zubar da shi, kuma sau da yawa a kan ƙananan yara yake ƙarewa.

Shi ya sa filin wasa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, kuma a je da la'asar ranar da ba ta ziyara ba. A makarantar da wasa yake da rai za a tarar da ciyawa ta mutu a bakin raga saboda yawan tattaki, yara sun rabu rukuni-rukuni, wasu suna ƙwallon ƙafa, wasu ƙwallon raga, wasu tsere, ƙanana suna langa a gefe, ga malami da usur a wuya yana raba gardama. A wadda wasan na nuni ne kawai za a ga turakun raga sun yi tsatsa, ciyawa ta kai gwiwa, kuma ba a share filin sai gasar gidaje ta shekara ta matso. A tambaya ko kowane yaro ne yake fita wasa ko kuwa 'yan tim ɗin makaranta kaɗai, domin amfanin wasa ga tarbiyya yana ga yaron da bai iya ba, wanda zai koyi a ci shi ya haƙura, ya bi hukuncin alƙalin wasa ko da yana ganin an zalunce shi, ya kuma dawo gobe.

Daga fili sai a nemi a shiga ɗakin kwana, kuma makarantar da ta hana uba ganin inda ɗansa zai kwana ta riga ta ba shi amsa. A ƙirga gadaje a duba tagogi, domin cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa shi ne yake yaɗa sanƙarau a lokacin zafi, kamar yadda ƙarancin ruwan wanka yake kawo ƙazuwa. A ɗaga katifa a duba kuɗin cizo, a leƙa banɗaki, a ga ko famfo yana zuba, a kuma tambaya ko akwai ma'aikacin jinya da yake kwana a makarantar. Sannan a zo kan maganar da ta fi kowace nauyi, wato ikon da aka ba manyan ɗalibai. Babu laifi babba ya sa ƙarami shara ko ya tashe shi sallar asuba, amma inda siniya yake da ikon duka da gwale-gwale cikin dare, ko ƙwace abincin yaro, ko kiransa lungu shi kaɗai, to tarbiyya ta koma zalunci. Shugaban makaranta zai ce ba a yi, saboda haka a nemi iyayen da 'ya'yansu suke aji ɗaya ko biyu a ji ta bakinsu, a kuma tambaya wane mataki aka ɗauka a kan ɗalibi na ƙarshe da aka kama yana cin zali.

Tsaro ya shiga lissafi tun bayan kisan ɗalibai a Buni Yadi a 2014, da sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Kagara a Fabrairun 2021. Makarantar da take bakin daji, ba katanga, ba jami'an tsaro a kusa, ba ta dace ba komai kyan sakamakonta, kuma hanyar da za a riƙa bi zuwa ziyara ita ma sai an auna ta.

Game da kuɗi, a nemi takardar da ta ƙunshi komai na shekara guda, har da yunifom da littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da na jarrabawa, sannan a ƙara kuɗin mota da guzurin kowace ziyara. A lissafa shi a kan shekara 6 tare da tsammanin ƙari, domin cire yaro daga makarantar kuɗi a aji huɗu saboda aljihu ya gaza yana raba shi da abokansa da malaman da suka san shi a daidai lokacin da jarrabawar fita take gabatowa.