Gwarzon da ake bauta wa: hanyar D&D ko ta RuneQuest?

Ƙanena, ka ce jaruminku a wasan da kuke yi a fadarku ta Bukoki ya kashe dodanni ba iyaka, ka tambaya yaya zai kai matsayin da mutanen duniyar wasan za su gina masa ɗakin bauta. Akwai hanyoyi biyu da suka sha bamban, kuma ni na fi son ta biyun.

A Dungeons & Dragons, wato D&D, wasan ƙaga labari da kowane ɗan wasa ke riƙe da jaruminsa, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, hawa ake yi mataki bayan mataki. A tsarin da Frank Mentzer ya tsara, mataki na 36 ne ƙarshe, kuma a 1986 ya fitar da dokokin zama marar mutuwa. Jarumi zai nemi ubangida cikin waɗanda suka riga shi hawa, ya kai masa kyauta mai tsada, sannan a ɗora shi kan ɗaya daga hanyoyi huɗu. Ko ya kafa gidan sarauta ya ratsa zamani ya taimaki jikokinsa su riƙe gadon mulki, ko ya yi aikin bajinta ya horar da magaji, ko ya gagari duk matsafan yankinsa. Ta huɗun ta fi ban tausayi: a shafe masa tunani, a sake haifarsa cikin wata sana'a, ya faro daga ƙasa, har sau uku. In ya ci, makin da ya tara a wasan ya koma ƙarfi, kowane 10,000 ya ba da ɗigo ɗaya. Lissafin a fili yake, mai jan wasa ba zai sha wahala ba. Amma hukuncin daga sama yake zuwa, talakawa ba su da ta cewa, mabiya kuma daga baya suke biyowa.

RuneQuest, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1978 a Glorantha, duniyar da Greg Stafford ya ƙaga, ba ya da matakai ma sam. A can jarumi ɗan dangi ne kafin komai. In fari ya yi ko annoba ta faɗo, dangi za su taru su yi biki, su tura shi duniyar tatsuniya ya taka sawun ubangijinsu, ya maimaita abin da wancan ya yi tun farkon zamani. Mafi girma ita ce tafiyar Orlanth, ubangijin hadari, wanda ya kashe Yelm sarkin rana, duniya ta yi duhu, sannan ya sauka lahira ya dawo da shi. Wanda ya tafi da ƙarfin mutanensa ya tafi. In ya faɗi, asarar ta hau kan kowa, har shanu da gonaki. In ya dawo da abin da aka aike shi nema, sai a fara yi masa hadaya, ƙarfinsa kuma ya dogara da masu tuna shi. Dubi Sartar, wani jarumin Glorantha: ya haɗa kabilu, ya gina birnin Boldhome, a shekara ta 1520 ta lissafinsu ya shige cikin wuta ya ɓace. Wutar ta ci gaba da ci har maƙiya suka ci birnin a 1602, ta mutu.

Mutumin Tawa zai gane wannan da wuri. Ɗan kokowa shi kaɗai yake kayar da abokin karawa ya ɗauki takobi, amma makaɗa da ƴan garinsu ne suke sa sunan ya wuce shekarar.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ta biyu, ko da dokokin D&D kuke bi. Mataki na 36 zai ci muku shekaru in sau ɗaya kuke zama a mako, alhali ƙauye guda da jarumin ya ceta yana iya fara yi masa waƙa a zama na gaba. Ka ba ƙauyen sarki da maroƙi da tsohuwa mai rijiya, ka sa su riƙa aiko masa da buƙatu, wasu ma su yi ƙarya da sunansa ya zo ya gyara.

Na san wasu a fada ransu ba zai kwanta da maganar bauta ba, ko da ƙage ne, kuma suna da gaskiya su faɗa. Ka tambaye su tun kafin a ɗora shayi. In haka ne, a bar hadaya da ɗakin bauta, a sa kirari da ranar tunawa da yaran da ake raɗa wa sunansa. Dokokin za su yi aiki yadda suke, sai dai ka ƙidaya garuruwan da suke masa kirari a madadin masu bauta.