Mashtal (wurin renon dashe) ɗin dattijon nan na bakin kogi a Mai Wurno ta Sudan, na kai yarana kuma zan koma

Jama'a salamu alaikum. Abin da ya kai ni wurin nan ƙaramin abu ne amma ya tsaya min a rai, ɗiyata ce ta shigo da lalob a hannu nace mata miƙo min aduwar nan sai ta tsaya tana kallona, wlh ba ta san lalob shi ne aduwa ba. Mu da kakanninmu suka taso tun daga Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin nan, ace yau jikokinsu ba su san sunan itace da Hausa ba sai da Larabci, abin ya dame ni gsky.

Wani maƙwabcina ne yace in je mashtal ɗin wani dattijo can ta bakin kogi, dashe yake sayarwa amma ran Asabar da safe yana zagayawa da mutane cikin daji yana nuna musu itatuwa. Muka hau raksha wato keke napep ni da yara uku. Ba shi da wani kuɗi da ya yanka, ka sayi dashe ko ka ba shi abin da ya sawwaƙa, har Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, yana karɓa ta wayar jikansa.

Inda Baba ya burge ni shi ne wajen itatuwan ƙaya, don ni da duk ɗaya nake ganinsu, ƙananan ganye da ƙaya shikenan. Yace min ɗana bar kallon ganye, ganye zai ruɗe ka, dubi ƙaya da ɓawo da 'ya'ya. Ya kamo reshen hashab wato dakwara yasa kowane yaro ya ƙirga, ƙaya uku ne a wuri ɗaya, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa biyun gefe sun kalli sama, furenta fari ne dogo, kuma ita ce mai ba da ƙaron nan da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa. Sunut kuwa ita ce bagaruwarmu, ɓawonta baƙi mai tsage-tsage, fure rawaya dunƙule, 'ya'yan da ake ce wa garad a nan kamar carbi suke kuma da su majema ke jima, tana son inda ruwan Nilu ke kwanciya shi yasa ta cika bakin kogi. Da muka zo kan talh yace mu shafa jikinta, wani jan gari ya kama mana tafin hannu, yace to wannan ita ce dushe, itacen da iyayenku mata ke dukhan wato turara jiki da shi, yaran suka yi ta dariya don ƙamshin sun san shi a gida itacen ne ba su taɓa gani a tsaye ba.

Gawo ma ya daɗe a kansa, haraz kenan, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore sannan ya tofo da rani, shi yasa manomi ba ya sare shi a gona, dawa na yi a ƙarƙashinsa dabbobi kuma su samu 'ya'yan. Sauran ya wuce da sauri, sidir kurna, aradeb tsamiya, tabaldi kuka, dom goruba mai rassa, deleb giginya mai kumburi a tsakiyar jiki. Ya kuma nuna mana miskit yana ta faɗa, baƙo ne da aka shigo da shi 1917 yanzu ya cinye gonaki da hanyoyin ruwa, yace kar wanda ya yi kuskuren dasa shi a gida.

Abin da ban ji daɗi ba, an ce ƙarfe bakwai ba mu tashi ba sai wajen takwas da rabi ana jiran wasu ana shan jabana wato kofi, kafin mu dawo rana ta buɗe ƙaramin nawa har ya fara kuka, don haka ku tafi da ruwa da hula da takalmi mai kauri, silifas ba zai yi ba ƙayar hijlij wato itacen aduwa doguwa ce. Sannan Baba na magana da sauri yana haɗa Hausa da Larabci har da Fillanci, in ba ka riƙe biro ko ka danna rikodin a waya ba rabi zai zube. Akwai kututture da yawa a hanya da masu gawayi suka bari tunda gas ya yi wuya a shekarun yaƙin nan na Sudan, duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya faɗi sunansa daga ɓawon kawai, wannan ya taɓa ni sosai.

Na sayo dashen kurna biyu da tsamiya ɗaya, kurna ɗaya ta bushe a sati na biyu na koma ya canza min ba musu. Asabar mai zuwa da mamansu za mu je, ita tace tana so ya nuna mata dargaza ko ita ce guddem ɗin da take jiƙawa da azumi.