Zanen dukawa a kan riga da alkyabba: sharhi kan aikin keken kwamfuta a Sakkwato

Kaya biyu aka kai wa wani shagon surfanin kwamfuta a Sakkwato domin bikin naɗin sarauta: babbar riga ta farar shadda da alkyabba ta baƙin karammiski. Abin da aka nema shi ne a ɗauko zanen matashin fata irin na dukawan garin nan, mai 'yan kusurwa uku a jere da dagi a tsakiya, a mayar da shi ɗinki. Aikin ya ci kwana 9, huɗu daga ciki a zayyana kawai.

Alkyabbar ta fito da kyau ƙwarai. Mai zayyanar ya san cewa launi huɗun da ke jikin fata, ja da kore da baƙi da rawaya, za su yi hayaniya a kan tufar sarauta, sai ya tsaya a ruwan zinare da ɗan kore. Ya jera kusurwoyin a gefen gaba da bakin hular, faɗin yatsa uku, kuma ko'ina daidai suke. Wannan fagen keke ne, ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya. Karammiski yana haɗiye siririn zare, shi ya sa suka fara shimfiɗa ɗinkin ƙasa kafin na sama, zanen ya zauna a bisa gashin yadin bai nutse ba.

A rigar ne aka samu matsala. Dagi ba layuka ba ne da suka gitta juna kawai. Kowace igiya tana hawa kan 'yar'uwarta nan, ta bi ƙarƙashinta can, bi da bi har ta koma inda ta faro. A zayyanar farko an ɗora layin tsaye duka a kan na kwance, sai dagin ya mutu, ya zama kamar raga. Gyaransa shi ne a yanka kowane layi a mahaɗa, a bar 'yar tazara inda ya nutse. Sun gyara da aka nuna musu, amma wanda ke sana'ar nan a ƙasar Hausa bai kamata sai an nuna masa ba.

Sai askar, wato dogon zanen nan mai tsini da ke gaban riga. Ta fi firam ɗin keken tsawo, dole aka ɗinka ta a zama biyu, kuma a mahaɗar layin ya goce da kamar milimita 2. Daga nesa ba a gani, amma idon maɗinki ba ya wuce shi. Cika askar da kusurwoyin fata kuma ya sa zare ya yi yawa wuri ɗaya, shaddar ta tattare a gefen aljihu. Dalili biyu ne: ɗinkin ya matsu, kuma takardar da aka sa a baya ba ta da kauri. Warwarewa ba mafita ba ce, domin shadda ba ta manta ramin allura. Da an bar aska da tambari, wato zanen nan mai da'ira, yadda masu ɗinkin hannu suka gada, an kai zanen fatar bakin wando da hannun 'yar ciki, da rigar ta fi kwarjini.

Mai son ba su aiki ya je da matashin kansa, hoton waya yana karkata layi. Ya yanki ƙyalle daga ainihin shaddar a yi gwaji a kai kafin a taɓa rigar, ya kuma duba bayan gwajin ko zaren ƙasa ya dunƙule. Idan rigar za ta je wurin masu bugu, kada a sa mata zare mai ƙyalli, yana karyewa ya tashi. Alkyabba kam zan sake kai musu. Babbar riga kuwa sai dai su yi bakin wando da 'yar ciki, ƙirjin ya tafi wurin mai allura.